Neman shawara: fiziks ɗin AP zai wadatar wa mai son karatun likita a Amurka?

Wata uwa daga Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mini. 'Yata ta gama sakandare a nan Bronx, cikin birnin New York, watan Agusta za ta fara jami'a, kuma tun tana ƙarama ba ta da buri sai likitanci. A aji 11 ta zauna jarrabawar AP Physics 1 (AP kwas ne na matakin jami'a da ake yi tun a sakandare) ta ci 5. Jami'ar ta ce za ta ba ta kiredit, wato ta ƙirga mata shi kamar ta yi kwas ɗin a can, ita kuwa sai murna take, wai ta rabu da fiziks har abada. Ni a Kano na yi karatu, abin da na sani kiredit a WAEC, sai JAMB, shi ke nan. Nan kuwa sai an gama digiri na shekara 4 sannan a nemi makarantar likitanci. Shin za su karɓi wannan AP ɗin? Babanta tasi yake ja, ba ma son biyan kuɗin kwas sau biyu.

Ɗalibin likitanci, shekara ta 3:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka, 5 ita ce ƙarshen maki a AP, yarinya ta yi ƙoƙari. Amma a gaya mata ta rage murna tukuna.

Yawancin makarantun likitanci suna son fiziks na shekara guda, wato zango 2, kowanne da firaktikal a ɗakin gwaji, kusan kiredit 8 ke nan. AP Physics 1 ko an karɓe shi, zangon farko kawai yake rufewa, ɓangaren motsi da ƙarfi da makamashi. Lantarki da maganaɗisu da haske suna cikin AP Physics 2, wanda ba ta yi ba. To ko ta yaya akwai rabi a kanta.

Sannan jami'arta daban, makarantar likitanci daban. Jami'a ta yafe mata kwas, wannan bai ɗaure kowa ba. Wasu makarantun suna karɓar AP idan ya fito a takardar sakamakon jami'a da sunan kwas da adadin kiredit. Wasu sai an ɗora kwas na gaba a kai. Wasu kuma sun daina lissafa kwasa-kwasai ma, ƙwarewa suke dubawa. Ba doka ɗaya ba ce. Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, tana da kundin MSAR a intanet, a nan ake ganin sharuɗɗan kowace makaranta.

Wata 'yar uwa daga Houston:
Anti, ni wannan abin ya cije ni. Na ci AP, aka ba ni kiredit, ban taɓa buɗe takardar na duba yadda aka rubuta shi ba. Sai a shekarar ƙarshe, ina cike fom, na ga an dunƙule duka a layi ɗaya, jimillar kiredit kawai, babu sunan kwas, babu firaktikal. Haka na kwashe hutun bazara ina fiziks da yaran aji ɗaya, safe aji, yamma aiki. A nan Texas ta TMDSAS muke nema, wato tsarin cike fom na makarantun likitancin jihar, kuma sai sun ga kwas ɗin da sunansa da kiredit ɗinsa. 'Yarki ta nemi takardar tun yanzu ta karanta da idonta.

Wani Alhaji:
Ni dai ban ga dalilin maimaita abin da yaro ya riga ya ci ba. Ko a gida mai IJMB ko A-Level aji 2 yake shiga kai tsaye. Wannan cin kuɗin mutane ne kawai.

Ɗalibin likitanci, shekara ta 3:
Alhaji, da girmanka, a gida jami'a ɗaya ce take karɓar takardar kuma take koyar da likitancin. Nan za ta aika wa makarantu 15 ko 20, kowacce da ra'ayinta. Maganar kuɗi kuma, a jami'o'i da yawa ɗalibin cikakken lokaci kuɗin zango yake biya a dunƙule, ƙarin kwas ɗaya bai cika canza komai ba. Hajiya ta tambayi ofishin kuɗi.

Ga wani abin da ban faɗa ba. Kiredit ɗin AP ba shi da makin jami'a irin su A ko B, don haka AMCAS, tsarin da ake neman yawancin makarantun likitanci ta cikinsa, ba ta saka shi a GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi. Yarinyar da ta ci 5, in ta sake kwas ɗin, da yardar Allah A za ta kwasa, ya ɗaga mata makin kimiyya. Ga kuma MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, tana jiran ta. Sashen sinadarai da fiziks tambaya 59 ne cikin minti 95, kusan kashi ɗaya cikin huɗu fiziks ne, kuma babu kalkuleta. Abin da aka karanta a aji 11, bayan shekara 4 ko 5, wallahi sai dai a tuna launin littafin. In ƙanwata ce, zango biyun duka za ta yi.

Malama mai koyarwa a kwaleji:
Ƙari ɗaya. Ta je ofishin masu ba ɗaliban share fagen likitanci shawara kafin ta yi rajista, domin wasu jami'o'in in ka karɓi kiredit ɗin AP ba sa ƙirga maka kwas ɗin karo na biyu. Gara ta san wannan kafin ta sa hannu.

Wata uwa daga Bronx:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna mata, ta buɗe shafinta na jami'a muka duba tare. Kiredit 4 ne, amma an saka shi cikin kwasa-kwasan zaɓi, babu sunan fiziks a jiki. Ta yi shiru, sannan ta tura wa ofishin saƙo. Sun ba ta ranar Talata da ƙarfe 10.