Jajayen tsutsotsi kawai nake samu a rafin Kubanni

Assalamu alaikum. Ina auna tsaftar ruwan Kubanni a Zariya ta hanyar ƙirga ire-iren ƙwarin cikin ruwa da ma'aunin BMWP (tsarin da ke ba kowane irin ƙwaro maki gwargwadon yadda yake buƙatar ruwa mai tsafta), amma aikin ya cije. Kafin ruwan ya shiga gari da bayan ya wuce shi, abu ɗaya raga take kamowa: jajayen tsutsotsin Chironomidae (tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro) da ƙananan dodon koɗi, sai tsutsar mazari jefi-jefi. Maki ya ƙi tashi ko'ina, har inda ruwan yake garau kana hango yashi. Na sauya raga mai ƙananan ido, na kakkaɓe ciyayin gaɓa, babu canji. A Birtaniya aka tsara ma'aunin, ga shi wuraren da nake ɗiba yashi ne zalla, babu duwatsu. Ta yaya zan gane ko gurɓata ce ta kori sauran ƙwarin, ko rashin maɓoya ne kawai?