Siegfried a Soulcalibur VI: haddar firam ko iya taku?

Mai Gatari: Jama'a, zan faɗi magana ko da za ta sosa wa wasu rai. Duk mai riƙe Siegfried, mayaƙi mai ƙaton takobi a wannan wasan bidiyo na faɗa, da yake kwana yana haddace lissafin firam, wato ƙidayar tsawon lokacin da kowane bugu yake ɗauka, lokacinsa yake ɓatawa. Wasan nan na ƙafa ne. Tun Soulcalibur na 1998 abin da ya fito da shi daban shi ne takun nan mai fuskoki 8. Ka iya tsayuwa a inda takobinka yake kaiwa, nasa bai kai ba, ka bar shi ya sari iska, sannan ka sauke masa. Shi ke nan.

Sarauniyar Bulala: Malam Mai Gatari, to in takobinka ne bai kai ba fa? Zo ka gwada wannan tazarar taka da Ivy, mai takobin bulala da yake kaiwa nesa, mu gani.

Ɗan Lissafi: Bari ma batun Ivy, 'yar'uwa. Matsalar Siegfried tana kusa, ba nesa ba. Wasan yana tafiya ne a firam 60, wato hotuna 60, cikin daƙiƙa ɗaya, kuma sara mafi sauri yana fitowa cikin firam 10 zuwa 12, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Babu idon da zai gani ya yanke shawara a nan. Idan Taki, mayaƙiyar nan mai saurin sara, ta manne maka, ba ganin sararta za ka yi ba, sani za ka yi tun kafin ta motsa cewa bayan ka tare wancan bugun, kai ke da damar dannawa ko ita. Wanda bai sani ba yana danna B, maɓallin saran tsaye, a inda ba huruminsa ba, ya sha duka, ya koma yana cewa Taki ta fi ƙarfi.

Mai Gatari: Ai hannu yana koyon wannan da kansa in ka sha duka sosai.

Ɗan Lissafi: Yana koya, amma a wata nawa? Abin da teburin lissafin firam zai gaya maka cikin minti biyu.

Tsohon Mayaƙi: Ku dakata, yara. Kowannenku ya kama gefe guda na tabarma yana ja. Ni abin da nake gani a wajen masu Siegfried shi ne jarabar 3B, saran nan da yake ɗaga mutum sama. An tare, an rama, sun sake. Ko su riƙe B a 3B ɗin su shige tsayuwar da yake saɓa takobi a kafaɗa, kullum su fito da sara iri ɗaya. Siegfried yana da tsayuwa huɗu, kuma amfaninsu mutum ya rasa ta ina za ka ɓullo. In an gane ka, ba lissafi ba taku da zai cece ka.

Sarauniyar Bulala: Baba ya taɓo inda yake min daɗi. Mafi yawan saran Siegfried masu ciwo na tsaye ne, daga sama zuwa ƙasa. Goce gefe kawai nake yi. Sai mai wayo ne yake sako saran kwance na maɓallin A ya tsare min hanya, daga nan in tsaya cak, sai ya samu yadda yake so. A wannan kam ina tare da Mai Gatari.

Mai Gatari: Yauwa! Kuma ku duba EVO, babbar gasar wasannin faɗa, ta 2019 a Las Vegas. Yuttoto na Japan ne ya ci kofi yana riƙe da Voldo, mayaƙin da rabin faɗansa juya baya ne da rarrafe. Rikita mutum ke cin gasa.

Ɗan Lissafi: Wannan hujjar tawa ce, ɗan'uwa, ka ara ba da izini ba. Kana tsammanin mutum zai juya wa abokin karawa baya a wasan ƙarshe bai san ko firam nawa ya rage masa ba?

Sabon Shiga: Don Allah yayyena, ni da ba na wasa sai ta intanet, kuma layin yana jinkiri, lissafin yana aiki kuwa?

Ɗan Lissafi: Lambobin ba sa canzawa, ƙanena. Hannunka ne yake makara. Saboda haka ka zaɓi ramuwa mai sauƙin dannawa, ka bar mai wuya sai ranar da kuke zaune kan na'ura ɗaya.

Tsohon Mayaƙi: Shiga ɗakin atisaye, ka naɗa wa kwamfuta abu uku daga mayaƙin da ya fi damunka: saran tsaye, saran kwance na sama, da kamu. Ka sa ta riƙa fito da su a hargitse. Na farko ka goce, sauran biyun ka durƙusa, kowanne ka rama nan take. Kuma ka daina jingina da tunkuɗe sara a kowane lokaci, akwai bugun da yake fasa shi. Sannan ka dinga duba bayanka. Jini cike ba ya hana a jefa ka waje da fage.

Mai Gatari: To ai wannan atisayen taku ne, Baba.

Ɗan Lissafi: Da wane bugun zai rama bayan ya durƙusa? Sai ya duba tebur.

Sarauniyar Bulala: Ku buɗe ɗaki kawai, Siegfried da Siegfried, wanda ya fara cin 10. Wanda ya yi nasara ya jira ni, Ivy tana nan tafe.