Hayaƙin ɗan jirgina ya ƙi fita gunduma-gunduma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo, samfurin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman na gaske. Na shimfiɗa masa layi a shagona a Fagge, ina ƙoƙarin kwatanta tashar Kano ta da, zamanin jiragen kwal da suka fara isowa a 1911.

Hayaƙin ne ya gagare ni. Na'urar yin hayaƙi ta kamfanin Seuthe ce a bututun jirgin: ana ɗiga mata mai, ta ɗauki zafi, man ya zama hayaƙi. Amma siririn zare take fitarwa kamar na turaren tsinke, fanka na kaɗawa ya ɓace. Jirgin gaske mai silinda biyu (tukwanen da tururi ke tura taya daga cikinsu) kuwa sau huɗu yake furzar da hayaƙi a kowane juyin taya, abin da nake mafarkin gani ke nan.

Da man kamfanin ya ƙare na gwada man jarirai. Kuskure ne babba, maiƙo ya zauna a kan layi, tayoyi suka riƙa santsi. Na sayo ƙaramar na'urar feshin ruwa a Sabon Gari, hazonta ya yi kauri sosai, sai dai ƙasa yake zubowa saboda sanyinsa.

Don Allah masu gyaran rediyo da lantarki, akwai dabarar haɗa 'yar fanka da maganaɗisu a jikin taya ta riƙa hura hayaƙin daidai da tafiya? Ina za ta shiga a wannan ƙuncin ba tare da zafi ya narkar da robar ba? Kuma wane mai ake samu a Kano da ba zai ƙone na'urar ba?