Shakazoban gaba idan za a ɗaga hancin a-kori-kura

Mai Farar Hilux: Assalamu alaikum jama'a. Ina so in ɗaga gaban motata ya yi daidai da baya, wannan sunkuyon da take yi ya ishe ni. Hilux ce ta 2012, mai jan ƙafa huɗu. Shakazoban gaba ma sun fara tsiyayar da mai, shi ne na ce tunda za a kwance, gara a yi aikin gaba ɗaya. In mayar da irin na kamfani in ɗora sifesa, wato ƙarfen ƙara tsawo, a kai, ko in nemi masu tsawo? Wane iri kuma?

Injiniya: Wa alaikumussalam. Inci nawa kake so?

Mai Farar Hilux: Kamar biyu dai haka.

Injiniya: A ɗauko tef tukuna, malam. Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ba kaya a baya, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, duk ƙafafun huɗu. Kada ka auna daga ƙasa, iskar taya za ta ruɗe ka. Motar 2012 da sifirin ɗinta na asali, ba mamaki wani sashe na sunkuyon gajiyar sifirin ce kawai.

Autan Zaure: Shakazoban Bilstein 5100, ka rufe ido ka saya.

Na-Ranja: Auta ko ciwon kai ka ce masa kana yi, Bilstein zai rubuta maka.

Kawu: Ɗana, kafin ka sayi komai ka ji abin da ya same ni. Sifesa aka sayar mini, irin na ƙarfen da ake ɗaurewa a saman shakazoba, ba suna a jiki ba takarda. Mai kayan ya rantse inci uku zai ba ni kuma ba abin da zan canza. Aka ɗora a kan tsofaffin shakazobaina. Gaskiya ranar da aka sauke ta daga jak ta yi kyau, har na tsaya ina kallon ta.

Ba a jima ba sai ƙara ta fara. Duk sanda taya ta faɗa rami ko na sauko daga tudun rage gudu, sai in ji ƙwas a ƙarƙashin ƙafata. Da muka cire taya muka leƙa, ga hannun sama, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar mota daga sama, yana dukan sifirin, wurin ya goge fenti ya fita, ƙarfe sai ƙyalli yake. Robar shaf ta ciki ta yage, giris ya fantsame cikin wili da jikin madigadi baƙi ƙirin. Boljoyin na sama ya karkace har ƙarshen iyakarsa, robarsa ma ta tsage. Tayoyin gaba kuwa duk sun cinye ta gefe guda.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na ƙarshe. Na daki wani rami da ɗan gudu, da aka duba sai ga ƙasan shakazoban dama ya lanƙwashe. Makanikin da ya gyara ya nuna mini dalili: sifesan ya turo shakazoban ƙasa gaba ɗayansa, to idan mota ta danno da ƙarfi, shakazoba ne ke ƙurewa kafin hannun ƙasa ya kai ga robar da aka yi don tare shi. Dukan da roba ya kamata ta sha, shi ya sha. Na sayi shaf, na sayi boljoyin, na sayi taya biyu, sannan na dawo na sayi shakazoban da tun farko aka ce ba na buƙata. Araha ba ta ado.

Autan Zaure: Allah ya mayar da alheri Kawu. Amma inci uku ai ka wuce daidaitawa, ka shiga ɗagawa.

Injiniya: Abin da Kawu ya faɗa haka yake. Shakazoba ba shi ke ɗauke da mota ba, sifirin ne. Aikinsa hana ta lilo. To a irin gaban Hilux tun daga 2005, da Ford F-150 tun 2004, da Chevrolet Silverado 1500 tun 2007, sifirin a jikin shakazoba yake zaune, shi ya sa maganar ɗagawa da maganar shakazoba ba sa rabuwa. Hanya biyu ce. Ko ka sa abu a sama ka ƙara wa duka haɗin tsawo, wanda shi ne na Kawu, taya ta riƙa saukowa fiye da yadda aka tsara. Ko kuma ka ɗaga mazaunin sifirin ɗin a jikin shakazoba, tsawon haɗin bai canza ba, mota dai ta zauna sama a cikin tafiyar da yake da ita. Na biyun ya fi sauƙi ga boljoyin da shaf, amma kana cin rabon saukowar taya. Idan ka kai shi ƙarshe, shakazoba zai riƙa miƙewa har ya ƙure, mota ta yi tauri. 5100 da Auta ke talla irin na biyu ne, yana da layuka a jiki inda ake sa zobe a zaɓi tsawo.

Kuma a lura, shakazoba a tsakiyar hannun ƙasa yake, ba a bakin taya ba. Don haka kaurin sifesa ba shi ne tsawon da za ka samu ba, abin da ke fitowa a taya ya fi kaurin nasa sosai. Wanda ya sa sifesa mai kaurin inci biyu cif yana neman inci biyu, zai tarar ya wuce gona da iri.

Tsohon Direba: Ni duk ban gane wannan yayin ba. Kamfani ba mahaukata ba ne. Da gangan suka ɗaga baya, don in ka yi lodi ko ka ja tirela mota ta zauna daidai. Kai ka daidaita ta ba kaya, ranar da ka loda mata sai gindi ya zauna ƙasa, hanci ya kalli sama, sitiyari ya yi sako-sako, fitilunka suna kashe wa mutane ido.

Autan Zaure: Baba, motar da ko bokiti ba ta taɓa ɗauka ba wane lodi za ta ji tsoro?

Tsohon Direba: To me ya kai shi sayen a-kori-kura? Ya sayi ƙaramar mota mana.

Mai Farar Hilux: Baba ina ɗaukar kaya wallahi, ba kullum ba dai.

Tsohon Direba: To ka bar wa bayan ko da rabin inci ne.

Na-Ranja: Wannan kam na yarda da Baba. A koma kan iri. Ni Fox 2.0 ke kan tawa, jikin alminiyom, kuma a gargada na fi jin daɗinsa. Bilstein an tsara shi ya riƙe mota tsam a kwana da birki, shi ya sa wasu ke cewa yana da ɗan tauri a ƙananan ramuka. Fox kuwa ana kwance shi a sake masa mai da robobi, amma fa sai kana da mai iya aikin.

Injiniya: Duka biyun masu bututu ɗaya ne, mai a gefe, iskar naitirojin a gefe, fistan mai yawo ya raba su. Amfanin shi ne zafi na fita da wuri kuma mai ba ya kumfa idan an daɗe ana dukan gargada. Mai bututu biyu ya fi laushi a kwalta, kuma in dutse ya lotsa bututun waje yakan ci gaba da aiki. Kowanne da inda ya fi.

Baban Gareji: Kuna ta kiran suna, ba wanda ya ce masa ya duba lamba. 5100 an fi samun sa don motocin Amurka. Kada ka ɗauka na Tacoma zai shiga Hilux don kawai duk Toyota ce. Ka nemi wanda aka rubuta shekarar motarka da iyakar ɗagawar da yake ɗauka. A Hilux ni Old Man Emu na Ostireliya na fi ɗaurawa, don suna haɗo shakazoba da sifirin ɗinsa, kuma sifirin ɗin iri-iri ne gwargwadon nauyin gaba: ba komai, ko bambar ƙarfe, ko bamba da winci. Wanda ba shi da bamba ya ɗauki mai ƙarfin, shi da jin daɗin mota sun yi sallama.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in shigo. Tamu tsohuwa ce, ta 2002, babu sifirin a gaba sam. Makaniki ya ce noti kawai zai ɗaure ta tashi. Haka ne?

Baban Gareji: Haka ne Hajiya, sandar murɗawa ke gare ta a madadin sifirin. Za ta tashi, amma kada ya ɗaure har hannun sama ya kwanta a kan robarsa, dole a bar tazara. A irin taku shakazoba shi kaɗai yake tsaye, sai a auna tsawonsa a miƙe da a danne a gwada da sabon. In ya yi gajarta shi zai riƙa riƙe taya, in ya yi tsawo ya ƙure kafin roba.

Autan Zaure: Noti ɗaya an gama. Mu ne muke wahala ashe.

Mai Farar Hilux: Na auna. Baya ya fi gaba da inci biyu ta dama, ta wajen direba kuma gaban ya ƙara yin ƙasa da kusan rabin inci.

Injiniya: Ba abin tsoro ba ne, nauyin direba da tanki da batir sukan taru a gefe ɗaya, sifirin ɗin wajen ya riga gajiya. Inci ɗaya da rabi ya ishe ka, da sabon sifirin. Akwai siririn zobe na milimita 5 ko 10 da ake sawa a gefen da ya kwanta.

Kawu: Kuma in ka wuce inci biyu ka sa kuɗin hannun sama a lissafi.

Baban Gareji: Ko wanne ka saya, biyu za ka canza, ba ɗaya ba. Kada ka yarda yaro ya matse sifirin da abin matsi na wasa, in ya kuɓuce yana iya kashe mutum. Kusoshin bushin kuma sai mota ta sauka a kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage. Daga nan kai tsaye wajen alaimen, kada ka ce sai gobe.

Na-Ranja: Tayar ma fa? In ya ɗaga ai zai so manya.

Injiniya: Kada ku buɗe wannan babin yanzu don Allah.

Tsohon Direba: A gaya masa dai ya sunkuyar da fitilunsa bayan an gama. Mu ne muke haɗuwa da su da dare.

Autan Zaure: Baba ai kai ba ka fita bayan magariba.

Tsohon Direba: Saboda irinku ne na daina.