Baba Saje Mai Hoto: Daga Bakin Daga Zuwa Bayan Raga

Ɗan Gangare: Salamu alaikum. Ranar Lahadi na ga Baba Saje durƙushe a filin ƙwallo na Rwang Pam, sanyin Jos na kaɗawa, shi ko gezau. Amsa-amonmu yau "ga" ne, wanda ya karya shi zai sayi shayi.

Da sunan Allah nake farawa,
Waƙar dattijon bayan raga.
Zariya ce ta aske kansa,
Rukuba ta riƙe shi da bindiga.
A 1990 jirgin ruwan ECOMOG, rundunar Afirka ta Yamma,
Ya kai su Monrobiya bakin daga.
Bai huta ba aka ce Saliyo,
Firitawun ma sai da ya shiga.
Yau kyamara ce a wuyansa,
Yana jiran wanda zai buga.

Mai Shayin Taminus: Ka sosa min inda ke ƙaiƙayi. A teburina yake karyawa kullum.

Idon da ya saba da saiti,
Ƙwallo ba ta wucewa bai farga.
Ido ɗaya rufe, numfashi riƙe,
Soja ne har yau, ba burga.
Harbinsa na da yana rage mutane,
Na yau adana su yake mu ga.
Yaran da ya ɗauka a filin ƙura,
Wasu sun yi Turai, sun hau karaga.

Jikar Saje: Kawu Mai Shayi, kun iya yabo. Amma ni ke kai masa ruwan alwala.

Ku da rana kuke ganin sa,
Darensa ni kaɗai ke hanga.
In yara sun fasa nakawut a Disamba,
Sai ya kulle ƙofa da taga.
Hotunan ƙwallo sun cika akwati,
Na kaki kuwa duk ya yaga.
Na ce, Baba, yaya Firitawun take?
Ya ce, je ki ɗauko min riga.

Kofur Mai Ritaya, Bukuru: 'Yata, ki yi masa uzuri. Zan sayi shayin, don "ga" ba za ta ɗauki maganata ba.

Janairun 1999 muna can tare,
Ranar da 'yan tawaye suka shigo gari.
Abin da ido ya gani a titunan nan,
Baki ba ya faɗa wa yaro ƙarami.
Barikinmu na Rukuba sunan marigayi Janar Khobe yake amsawa,
Shi dai an tuna da shi.
Sauran da muka baro a can,
Ko hoto babu, sai mu da muka sani.

Ɗan Gangare: Allah ya jiƙansu. An yafe shayin, Oga Kofur.

Jikar Saje: Na karanta masa duka. Ya yi dariya, ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta wannan, kada in gyara ko kalma ɗaya.

'Ya'yana, na gode da yabo,
Amma kun ƙara gishiri da zuga.
Ba hikima ce ta kai ni fili ba,
Fansho ne ya daɗe bai shiga.
Na sayi tsohuwar kyamara a kasuwar Taminus,
Kafin wutar 2002 ta mazga.
Fim ɗin lokacin hoto 36 ne,
Kamar harsashi, dole ka ƙirga.
Na yi ta suna, na yi ta biki,
Har na gano wurina bayan raga.

Mai Shayi, daina haɗa harbin biyu,
Wancan ban so ko a mafarki in ga.
Abu ɗaya na taho da shi, jira,
Sa'a biyu gwiwa ba ta ɗaga.

Ga wanda ko Kofur ban gaya wa ba:
2017, gari ya cika da ganga.
Filato United na neman kofin ƙasa,
Rangers ce ta zo mu buga.
Da ta farko ta shiga, fili ya fashe,
Ni ko sai ƙasa, kamar an wurga.
Na kwanta rub da ciki ina neman rami,
Wani yaro mai gyaɗa ya ja min riga.
Ya ce, Baba, tashi, ci muka yi!
Kunya ta sa na kasa ɗaga.
Ta biyu kam na kama ta sarai,
Tana bangon ɗakina kusa da taga.

Mai Shayin Taminus: Baba, a gafarce ni. Na janye baitina na harbi.

Jikar Saje: Ya ce ya yafe. Ya kuma ce in tuna maka hoton ƙungiyar unguwarku na gasar sallar bara, guda goma sha ɗaya, har yau suna cikin ambulan ba wanda ya biya.