Rarar haƙori: a cire ko a bari?

Maman Abba: Assalamu alaikum. Abba ya yi famfara, shekararsa 8. Haƙorin gaba na sama ɗaya ya fito tun bara, ɗan'uwansa shiru. An ɗauki hoto, likita ya ce wani ɗan tsinin haƙori ne binne a dasashi ya tare hanya, sai an cire. Kakarsa ta ce kada a taɓa, haƙori ba ya yi wa baki yawa. Me kuka gani?

Baban Ummi: Ni ina bayan Hajiya. Ƙanena haƙoransa 33, rarar tana can ƙurya bayan turmi na ƙarshe, bai taɓa cewa wash ba.

Yaya Sani: A'a Malam, babba 32 ne, yaro 20. Duk abin da ya haura a fitar da shi kawai.

Anti Binta: Aikina ke nan, ku ba ni dama. Yaya Sani, ba kowanne ake cirewa ba. Akwai wanda ke fitowa da siffar haƙori sosai, ya shiga layi, ana goge shi ba wahala. Irin wannan ana barinsa, a riƙa dubawa. Na Abba daban ne. Tsakanin haƙoran gaba biyu na sama, nan rarar ta fi fitowa, kuma ta fi kama maza. Mai tsinin nan wani lokaci a kife yake, kansa na kallon hanci. Akwai kuma mai faɗi da ƙulle-ƙulle, shi da wuya ya fito, sai dai ya danne na gaskiya.

Baban Ummi: To in giɓi ya zauna, ai wushirya ado ce, Anti.

Anti Binta: Wushiryar gado ado ce, Baban Ummi. Wannan fa haƙori ne ke ture 'yan'uwansa. In an daɗe, na gefe su matso su cinye gurbin, sai an sa wayar daidaita haƙora. Jakar ruwa na iya taruwa a kan haƙorin da ke binne ta ci ƙashi. Ƙa'idarmu, in ɗaya ya fito aka wuce wata 6 babu ɗayan, a yi hoto.

Yaya Sani: In kuma suna da yawa fa?

Anti Binta: Nan sai a duba jiki duka. Akan ga haka a masu tsagaggen leɓe ko ganda, da ciwon gado na Gardner da ke tsirar da ƙari a babban hanji.

Maman Abba: Na gode, Anti. Zan tafi da Hajiya asibitin ta ga hoton da idonta.