Neman shawara: G3 ɗina tana kai harsashi ƙasa, kunamarta kuma tauri

Ƙaramin soja, ɗan Nima: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Saura mako biyu a kai mu sansanin horo na Bundase gwajin harbi, kuma hankalina bai kwanta ba. Bindigar G3 aka ba ni. A mita 100 harsasaina ƙasa suke sauka, wani dama wani hagu, ba sa haɗuwa wuri ɗaya. Kunamar kuma sai na matsa da ƙarfi kafin ta tashi. Wani abokina ya ce in murza abin saitin baya, wani ya ce a ɗan goge ƙarfen kunamar ta yi laushi. Wanne zan bi? Wallahi ba na son in ji kunya a gaban ogana.

Baba, tsohon saja, Sabon Zongo: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka taɓa abin saitin nan tukuna. Da harsasanka sun taru kamar tafin hannu amma a ƙasa, da sai mu ce laifin saiti ne. Tunda sun watse, daga jikinka ne. G3 tana cin harsashi mai kaurin milimita 7.62, dukanta a kafaɗa ba wasa ba ne, shi ya sa yaro sabo yake tura kafaɗa gaba tun kafin ta tashi, bakin bindiga ya sunkuya. Na ga wannan a wurin yara da yawa, idonsu ma rufewa yake yi ba su sani ba. Ka danne gindinta a kafaɗa sosai, kumatunka ya zauna wuri ɗaya kowane harbi. Ka saki numfashi, ka tsaya, sannan ka matsa a hankali har ƙarar ta zo maka ba zato.

Wata 'yar sanda, Aboabo: Ƙanena, a wane lamba gangar saitin bayan take? Tana juyawa: akwai tsaga ta mita 100, sai ramuka na 200, 300 da 400. Ni na fi ganin daidai ta ramin 200. Kuma tsinken saitin gaba za ka zuba wa ido, allon da kake harbi ya ɗan yi dishi-dishi ba komai.

Ƙaramin soja: Yaya, a tsagar take. Kuma gaskiya allon nake kallo, ban taɓa kula da tsinken ba.

Kofur, Ashaiman: Maganar goge kunama kuwa, ka bar ta nan inda ka ji ta. Da gangan aka yi ta da nauyi don kada ta tashi in bindiga ta faɗi. Kayan gwamnati ne kuma, ka san hukuncin. In kana zargin ta lalace, kai wa mai gyaran makamai na bariki ya duba.

Baba: Kofur ya yi gaskiya. Ga abin da za ka yi cikin kwanakin nan, da izinin malaminka: a cire gidan harsashi, a leƙa ciki sau biyu a tabbatar babu komai. Ka kwanta rub da ciki, abokinka ya ɗora maka pesewa 20 a kan bakin bindiga, ka ja kunama. In kuɗin ya faɗi, fizga kake yi. Ranar da harsasai biyar suka taru, sannan a zo kan saiti, kuma na baya ana matsar da shi ne zuwa wajen da kake so harsashi ya koma.

Ƙaramin soja: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Gobe da safe zan sami malamin namu da maganar pesewar.